Ƙafafun Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dangin matata kaf a wani falo a Limawa, na kunna musu bidiyon ƙafafun mahaifinsu har na minti arba'in ba. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Abin ya samo asali ne daga wata kyamarar bidiyo da na saya a hannun wani abokin aikina. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati a Dutse, muna zaune a Takur ni da maiɗakina Hajara da yaranmu. Kyamarar ba irin ta masu ɗaukar biki ba ce da ake saɓawa a kafaɗa kamar buhun gero. 'Yar ƙarama ce, a tafin hannu take zama, da ɗan allo a gefe da ake buɗewa. Ba ta cin kaset, ba ta cin faifai. Wani rumbu ne a cikinta mai ɗaukar awoyi masu yawa, in ka kara ta a kunne har za ka ji yana ɗan juyawa. Hoton kuwa tar, in ka ɗauki kaza sai ka ƙirga gashinta. Abokin nawa ya ja mini kunne cewa rumbun ba ya son girgiza, kada ta faɗi, kada a buga ta. Shi ya sa nake naɗe ta a tawul, in rungume ta a mota kamar jaririya.

Cikin wata guda na zame wa unguwa fitina. Na ɗauki duwatsun gari, na ɗauki masu dabino a bakin titi, na ɗauki ragon maƙwabcinmu yana tuƙa har na minti goma (ban san abin da nake jira ya yi ba). Duk wanda ya shigo gidana sai ya sha bayani kafin ya sha ruwa. Kalmar da ta fi zama a bakina ita ce, “Wannan ba ta ɓoye komai.”

Wata rana ina nuna wa Hajara ragon nan karo na uku, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Da ma Baffa ka ɗauko mini.”

Baffa shi ne mahaifinta, surukina. Dattijo ne makiyayi da ya zauna wuri ɗaya a wani ƙauye bayan Jahun, yana noma yana kiwo. Tunda yake bai yarda an ɗauke shi hoto ba, in ban da na wani katin shaida da ya fito baƙi ƙirin, ba ka gane komai sai hula. Ita kuwa Hajara 'yar fari ce. Wanda ya san gidajen Fulani ya san abin da wannan ke nufi: ba ya kiran sunanta, ba ta zama inda yake, a hannun kakarta ta tashi. Tana da 'ya'ya huɗu amma in zai yi maganarta sai ya ce “yarinyar nan ta Dutse.” A daminar shekarar ya yi wata jinya da ta tsorata kowa, kuma na lura tun daga nan Hajara ta rage dariya.

“Don yara su san shi?” na tambaye ta.

“Har da su,” ta ce. “Amma ni ma ina so in zauna a ɗakina ni kaɗai, in kalli fuskarsa son raina. A fili ai ba zan iya ba.”

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Sai dai, in zan faɗi gaskiya, ta kuma fasa mini kai. Na ce a raina ga ranar da kyamarata za ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Na bugi ƙirji na ce mata ta ɗauka an gama, har furfurar gemunsa za ta ƙirga.

Ƙaninta Buba ne ya kai saƙon. Shi ɗan kasuwa ne a Limawa, kuma tsakanina da shi akwai wasa irin na miji da ƙanin mata, ba ya raga mini ko kaɗan. Sai da ya yi sawu uku kafin Baffa ya amince, da sharaɗi biyu: sau ɗaya zai zauna, kuma ba ya son taro. Zai ba da labarin yadda iyayensa suka zo da shanunsu suka zauna a wurin, don jikoki su ji.

Ranar Asabar da hantsi muka isa. Na fara da ɗaukar garke yana fita, da rijiya, da rumbunan gero, komai ya fito gwanin sha'awa. Aka shimfiɗa wa Baffa buzu a kan wani kututture a gindin tsamiya. Buba ya ce bari ya leƙa gona tunda ba a son taro, ya bar ni daga ni sai surukina.

A nan ya kamata in yi bayani. Shekara tara ke nan da auren, amma da za a ce in siffanta fuskar Baffa da na sha kunya. In na zo gaishe shi, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in kafa ido a ƙasa har a gama. Na san muryarsa, na san sandarsa, na san bakin rigarsa. Haka aka koya mana, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba.

Na durƙusa kamar kullum, na ɗora gwiwar hannu a cinya, na buɗe allon, na ɗaga kyamara. Sai ga fuskar Baffa ta cika allon, idanunsa biyu a cikin nawa. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Na ji kamar an kama ni ina leƙen ɗakin da ba nawa ba.

“Malam,” ya ce, “ta fara ji ne?”

“Allah ya ƙara girma, yanzu za ta fara,” na ce, na sunkuyar da kai. Da kai ya sunkuya, hannu ya bi shi. A nan ne na danna maɓallin ɗauka, jar alama ta kama.

Na san abin da mai karatu zai tambaya: ba ka duba allon ba? Na duba. Wallahi na duba, ba sau ɗaya ba. Na ga ƙafafu biyu a kan ƙasa da gindin sanda a gefe. Amma shekara tara ke nan in ina gaban mutumin nan abin da nake gani ke nan, saboda haka ban ga wani abin da ya kauce ba. Hankalina yana kan jar alamar da batir, su kuwa lafiyarsu ƙalau. Baffa yana ta bayani, ni ina ta “Na'am,” “Haka ne,” “Allah ya jiƙan magabata,” har ya ce ya gama.

A mota na leƙa farkon ɗaukar, na ga shanu sun fito kamar ka taɓa su, na rufe don kada batir ya ƙare. A gida Hajara ta nemi ta gani a ɗan allon, na hana. Na ce wannan aiki ba na ƙaramin allo ba ne, ta bari sai a babbar talabijin ɗin Buba. (Da na bar ta ta gani a daren, da kunyar ta tsaya tsakanina da ita.) Da ma mako mai zuwa za a kawo Baffa Dutse ganin likita, zai sauka a gidan Buba. Ni da bakina na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ina gayyata.

Da ranar ta zo, bayan la'asar falon Buba ya cika. Maza a kan kujeru da darduma, mata daga bakin ƙofar cikin gida, Hajara can bayansu inda Baffa ba zai gan ta ba. Aka ta da janareta. Na haɗa waya, na tsaya gefen talabijin na yi ɗan jawabi a kan rumbun kyamarar da ingancin hoto, na rufe da kalmar tawa, “Wannan ba ta ɓoye komai.”

Shanu suka fito, aka yi ta “Masha Allah.” Wani ya gane saniyarsa ya kira sunanta. Rijiya ta fito, rumbuna suka fito. Ina tsaye ina murmushi kamar ni na halicce su.

Sai ga ƙafafu.

Manya-manya, sun cika talabijin daga wannan gefe zuwa wancan. Muryar Baffa ta fito raɗau tana bismillah. Na ce a raina yanzu hoton zai ɗaga. Minti ɗaya, minti uku, minti biyar, bai ɗaga ba. Kuma kyamarar ta cika alƙawarinta, ba ta ɓoye komai ba: kowane faso na dunduniya, farcen da ya taɓa fashewa ya warke a karkace, wani tsohon tabo a idon sawu, har da tururuwar da ta hau babban yatsa ta yi yawonta ta sauka. Ƙasa-ƙasa kuma ana jin wata murya tana “Na'am, haka ne,” kamar ta marar lafiya. Tawa ce.

Buba ne ya fara magana. “Yaya, fuskar a kashi na biyu take, ko sai an ƙara caji?”

Aka fara dariya a ciki-ciki saboda Baffa na zaune. Na kai hannu zan tura hoton gaba ko Allah zai sa a dace, sai Baffa ya ɗaga sanda kaɗan. “Bar shi, Malam. Ina magana.”

Haka muka zauna har minti arba'in. Ban san lokacin da na sulale na durƙusa a gefen talabijin ba. Ban iya waiwayawa wajen ƙofar mata ba. Dariyar Buba ba ta dame ni ba, na saba da ita. Abin da ke cina shi ne abu ɗaya tak matar nan ta roƙe ni, kuma na bugi ƙirji.

Da aka gama, Baffa ya daɗe yana duban ƙafafunsa na gaske a kan darduma. Sannan ya ce, “Ashe haka suka tsage. Ba wanda ya taɓa gaya mini.” Nan fa dariyar da aka danne ta ɓalle, har shi ma na ji ya ɗan yi.

Na tattara ƙarfin hali na ce, kaina a ƙasa, “Allah ya ƙara girma, kuskure aka samu. Ko za a taimaka a sake?”

“Sau ɗaya muka yi da Buba,” ya ce. Sai kuma ya ƙara da cewa, “To, a bari a yi girbi mu gani.”

Ba a kai girbin da shi ba. Gero na fitar da kai Allah ya karɓi abinsa.

Hajara ba ta taɓa yi mini maganar bidiyon ba, ko a ranar ko bayanta, kuma shirun ya fi mini faɗa ciwo. Na mayar da kyamarar cikin tawul ɗinta na tura ƙasan akwati. Sai bayan sadakar arba'in, wata rana na dawo daga aiki, ta ce in haɗa mata a talabijin ɗinmu. Na ce, “Kin san fa abin da ke ciki.” Ta ce ta sani.

Na haɗa zan fita, ta ce in zauna. Ta sa na tura har wajen minti na talatin, inda Baffa ke ba da labarin wata shekara da fari ya kore su kudu da shanu. A can saƙo ya iske shi cewa an haifa masa 'ya, ta fari. Ya bar garken a hannun ƙaninsa, ya yi kwana biyu yana tafiya a ƙasa. Da ya iso kuma kunya ta hana shi shiga ya gan ta, sai ya zauna a bayan ɗaki yana sauraron kukanta, da safe ya juya. Bai ambaci suna ba. Ni da na ɗauka, na kuma ji a gidan Buba, ban taɓa kawo komai a raina ba, tunanin kunyata kawai nake yi.

“Dubi nan,” in ji Hajara.

Na duba. Tun farkon bidiyon ƙafafun a kafe suke wuri ɗaya. Amma da ya zo kan wannan labari, babban yatsansa na dama ya shiga tonon ƙasa a hankali, yana tonawa yana rufewa, har ya wuce wurin. Muryar ba ta canza ba ko kaɗan.

“Haka yake yi in abu ya taɓa masa zuciya,” ta ce. “Tun ina yarinya na sani. In na kawo masa ruwa na durƙusa, nan nake kallo in gane ko yana cikin daɗi ko damuwa.” Ta share ido da bakin mayafi. “Na so in ga fuskar, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ina so. Amma da ka kawo mini ita, da baƙo zan zauna ina kallo. Wannan shi ne Baffan da na sani.”

Ban ɗauka ta wanke ni ba ne. Yaranmu ƙanana biyu ba su san kamannin kakansu ba, kuma ni na jawo.

Kyamarar ta daɗe da mutuwa, rumbun ya fara ƙara wata rana ya tsaya. Allah ya sa na riga na kwashe bidiyon, yanzu yana cikin wayar kowa a dangi. Buba kuwa har gobe in ya gabatar da ni ga baƙo sai ya ce, “Ga mijin yayata, ƙwararre ne a ɗaukar hoto daga gwiwa zuwa ƙasa.”

Abin da na koya kaɗan ne. Ka duba aikinka kai kaɗai kafin ka ta da janareta ka tara jama'a. In kuma za a ɗauki dattijo hoto, a miƙa kyamarar ga jikansa, wanda zai iya ce masa “Ɗago kai, tsoho,” kada a ba surukinsa. Na'ura komai tsadarta inda ka saba kallo nan za ta kalla, ni kuwa ƙasa aka koya mini.