Kwamfuta Takwas da Aka Ce Na Sace

Jama'a, makon nan saura ƙiris ku ga sunana a shafin ɓarayi maimakon wannan shafi. Ranar Litinin ina zaune a ɗan ɗakina na ofishin gundumarmu, na zuba ruwan ƙanƙara a tereré, shayin ganyenmu da ake sha da sanyi, ko zuƙa ɗaya ban yi ba, sai ga Don Crispín, mai kula da kayan hukuma, da naɗin lambobin mannawa a hammata. Mutumin nan har tsintsiya ya taɓa manna wa lamba.

Ya ce, "Anselmo, ina kwamfutoci takwas ɗin da ka rubuta a rahotonka?"

Na nuna masa baƙin akwatin da ke gurnani a kusurwa. "Ga su nan, Don Crispín."

"Ni ɗaya na gani."

To bari in yi muku bayani, tunda shi bai tsaya ji ba. Akwatin nan babbar kwamfuta ce, irin wadda muke kira saba. Na raba cikinta gida takwas, kowane gida yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta: ta takardun haihuwa, ta filaye, ta maƙabarta, har dai takwas. Mako uku na yi ina fitar musu da hanya. Kowacce na ba ta adireshinta, na haɗa gadar da za su bi su kai ga teburan ma'aikata, na kuma yi shinge don kada masu lasisin babur su riƙa leƙen wa ya auri wa. Daga allo guda nake kunna su in kashe su. Aiki ya yi kyau, kuma ni na faɗa, don na san ba mai faɗa.

Don Crispín ya sa na kwance murfin, ya haska tocila ciki. "Fanka na gani da ƙura."

"Ai ba su da jiki ne, ranka ya daɗe."

"Abin da ba shi da jiki ba ya ɗaukar lamba. Abin da ke rubuce kuma babu lamba a jikinsa, an sace shi ke nan. Ranar Juma'a shugaban gunduma, Mai Girma da kansa, zai zo ya buɗe su. In bai tarar da takwas a jere ba, da 'yan sanda za ka yi wannan bayanin."

Shekara goma sha tara ina aikin nan, ko biro ban taɓa kai wa gida ba. Amma ban ga laifin Mai Girma Uban Almakashi ba, Allah ya ƙara masa ƙarfin yatsu. Bawan Allah ne mai ƙwazo. Gadar bakin kasuwa sau uku yana buɗe ta, kuma muna sa ran wata rana za a gina ta.

Da yamma na tsaya wajen maƙwabciyata Ña Petrona mai sayar da chipa, 'yar gurasar nan ta rogo da cuku, na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai Anselmo karatu ya yi maka yawa. Yaushe ka ga sun damu da abin da ke aiki? Abin da zai fito a hoto suke so."

"To in yi yaya, Ña Petrona? In zana su a bango?"

"Ka nemo musu akwati mana, sakarai. Ungo, ci mai zafi, ko kanka zai dawo daidai."

Washegari na shiga ɗakin tarkace na ofis, na zaƙulo gawarwakin kwamfuta takwas. Ɗaya ɓera ya haihu a ciki, sai da na ba su haƙuri suka tashi. Na goge su da man gyaran takalmi, na jera a kan tebur, na zura musu 'yan fitilun Kirsimeti na matata don su riƙa ƙyafta ido. Wayoyinsu kuwa duk a bayan labule suka ƙare, ba a jone da komai ba.

Ranar Juma'a aka zo da masu busa da ganga. Mai Girma ya datse ƙyalle, ya dafa akwatin ɓerayen nan, ya ce daga yau gundumarmu ta shiga sahun manyan biranen duniya. Aka tafa, ni ma na tafa. Don Crispín ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana manna lamba, fuskarsa cike da annuri. 'Yan sanda biyu da aka kawo domina suka koma gefe suna cin chipa. Har na fara numfashi, sai na ga ya tsaya yana nuna kusurwa.

"Wannan baƙar fa? Tara ke nan."

"Ita ce mai aikin, Don Crispín. Duk takardun garin nan suna cikinta."

"Takwas ka rubuta, takwas na manna. Ina takardar sayenta?"

Takardar sayenta kuwa ta bi masu mulkin da suka wuce, tare da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki.

"To ba ta hukuma ba ce," in ji shi. "Kuma doka ta hana ma'aikaci ajiye kayansa a ofis. Ka kwashe abinka kafin ƙarfe huɗu."

Na roƙe shi, na rantse, na ce ba tawa ba ce. Ya rubuta mini umarni, ya buga hatimi uku. 'Yan sandan nan su suka ɗora mini ita a bayan mota, babbansu har yana cewa in tuƙa a hankali kada kayana su lalace.

Saboda haka duk mai neman takardar haihuwa ko ta fili, ya zo gidana, ƙofa ta uku bayan coci. A dai cire takalmi, don matata ta ce ita ba ma'aikaciyar hukuma ba ce da za ta wuni tana goge daɓe.