Goyon Bayan Ƙungiyar 'Yan Dako

A Dajin Kurmin Ɓaure an daɗe da raba aiki: masu farce suna mulki, masu kofato suna dako. Jam'iyyar Masu Farce ce kaɗai ke cin zaɓe, saboda haka duk wanda ya tsallake zaɓen fid da gwani ya riga ya zama gwamna, sauran duk biki ne. Da Zaki ya kammala wa'adinsa, haƙoransa ma suka kammala nasu, sai Kura da Damisa suka fito takara. Kowaccensu tana zawarcin Ƙungiyar 'Yan Dako, domin jakuna da shanu da raƙuma ba su da farce, amma suna da daliget.

Akaza, wata jaka mai jigilar ruwa, ita ce wakiliyar reshen jakuna. Buƙatarta ɗaya ce, a ɗauke hanyar dako daga cikin Baƙin Kwazazzabo, inda jakuna ke shiga a jere su fito da giɓi. Ƙanenta Goho ya shiga can da damina, akumarinsa kawai aka tsinta. Tun daga lokacin ta daina yarda da duk wanda ya cika gaisuwa.

Shugaban ƙungiyar, raƙumi Kwamared Amale, ya kira babban taro a gindin tsamiya don a saurari 'yan takara. Akaza ta lura tozonsa ya ciko a watan da ciyawa ta yi wuya.

Kura ce ta fara. "Ya ku ƙashin bayan wannan daji! Ku tambayi kowa, babu jakin da ya taɓa faɗuwa a hanya ban riga danginsa isa wurin ba. Ina tare da ku a raye, ina tare da ku bayan rai."

Aka yi tafi da kofato. Damisa ta sauko daga reshe ba ƙarar sawu, ta ce, "Ni ba mai surutu ba ce. Abokiyar takarata tana zuwa bayan an faɗi. Ni kuwa, na rantse, idona yana kanku tun kuna tafe."

Aka sake tafi. Akaza ta miƙe. "Ranku ya daɗe, hanyar kwazazzabo fa?"

"'Yar'uwa," in ji Amale cikin taushin murya, "wannan bayani ne na dalla-dalla, shugabanni za su tattauna shi a keɓe."

Aka keɓe. Da suka fito, Amale ya miƙa wuya ya sanar cewa ƙungiya, baki ɗaya, ta mara wa Kura baya. Ba a tambayi bakin kowa ba. Nan take sakataren ƙungiya, wani sa mai suna Bakare, ya turbuɗa ƙaho a ƙasa ya yi ruri.

"An sayar da mu! Duk mai sauran zuciya ya biyo ni, mu Damisa muka yi!"

Taro ya tsage biyu. Akaza ba ta son Damisa, amma ta fi ƙin tozon Amale, sai ta bi Bakare da jakunanta. Aka yi makonni ana zage-zage. Jakin da ya saba sosa wa ɗan'uwansa baya ya koma harbinsa a mashaya.

Sai dai wani abu ya tsaya wa Akaza a rai. Bakare yana zagin Amale kullum, amma bai taɓa ambaton kwazazzabo ba. In ta ɗauko zancen, sai ya ce, "Bari mu ci zaɓe tukuna, Kwamared." Ta kuma ga duk wannan faɗa, ba a taɓa ture wa Bakare rumfarsa da ke harabar ƙungiya ba.

Ana gobe zaɓe, da hantsi, salkarta ta tsage, sai Akaza ta ratse zuwa wani tafki da ba a cika zuwa ba don ta ƙara ruwa. Can ta iske Amale da Bakare kwance a inuwar gawo, suna tuƙa daga dami ɗaya na harawa. Ba su ko razana ba.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji Amale. "Zo ki sa baki."

"Baba Amale, ashe wasa kuke da mu?"

"Wasa? Wannan shi ne aikin. In Kura ta ci, ƙungiya ta ci ta hannuna. In Damisa ta ci, ta ci ta hannun Bakare. Kin taɓa ganin dako da mangala mai gefe ɗaya?"

"Me suka yi muku alkawari?"

Bakare ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Sun yi alkawarin ba za su taɓa ƙungiya ba."

"Wace ce ƙungiya?"

Suka dubi juna, kamar ta tambaye su ina gabas.

"Ku kuma me kuka yi musu alkawari?" ta ce.

"Zaman lafiya," in ji Amale. "Ba yajin aiki, ba tayar da tsohon zance, ba canje-canjen da za su ruɗa masu dako. Hanya ai an saba da ita."

Akaza ta koma da gudu, salka tana zuba a bayanta. Ta faɗa wa jakunan Bakare, suka ce Amale ne ya saye ta. Ta faɗa wa na Amale, suka ce Bakare ne ya aiko ta leƙen asiri. Wata tsohuwar jaka ta ja ta gefe ta ce, "Na yarda da ke, yarinya. To, mu zaɓi wa?"

Damisa ta lashe zaɓe. Kafin mako ya zagayo aka yi bikin sulhu a gindin tsamiya, Amale da Bakare suka goga wuya har da ƙwalla. Amale ya ci gaba da shugabanci, Bakare ya zama mai bai wa gwamna mai jiran gado shawara kan harkokin dako. Don a haɗa kan jam'iyya kuma, Damisa ta ce ba za ta bar 'yar'uwarta hannu rabbana ba.

"Kukanku ya iso gare ni," ta ce daga kan reshe. "Na kafa kwamitin binciken ɓatan jakuna, na kuma ɗora masa wadda ta fi kowa sanin lamarin."

Kura ta rusuna cikin tawali'u. Ta ce kwamiti zai zauna a kogonta, kuma don kare sirrin masu shaida, za a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi kowa damuwa da batun ita za a fara saurara, gobe da safe.

Duk idanu suka juyo kan Akaza. Ta waiga ta dubi jakunan reshenta, kowa ya sunkuya yana gyara igiyar mangalarsa. Amale ya sauko da dogon wuyansa har kusa da kunnenta.

"Kin ga amfanin ƙungiya, 'yata," ya ce. "Da can wa ke sauraron jaki?"