Ƙuli-ƙulin Aljihun Baba Tsoho

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sadakar bakwai ta kakana, Baba Tsoho, kuma ko ni na manta, 'yan gidanmu na Sakajiki ba za su bar ni ba. Har yau in na je gida sai wani ya tambaye ni ko na taho da hankici.

Ni da Baba Tsoho abokan tsokana ne tun ina tatata. Ya ce ni ɗan ƙwace ne, ina zagaye masa mata (wato kakata, Iya), ni kuma in ce ya tsufa ya ba mu wuri. Duk faɗanmu da abu ɗaya yake ƙarewa: ya zura hannu a aljihu, ya zaro ƙuli-ƙuli, ya ce, "Ungo, wanga ƙato, toshe bakinka." Har na zama malamin firamare a Ƙaura, gemu ya fito, bai fasa ba.

Wata rana muna zaune a zaure ya ce mini, "Ran da nim mutu, kak ka yi man kuka. Kuka na ɗiya ne, jika dariya ya gada. Ka sa gidan ga dariya, in ba haka ba ban yahe ba." Na bugi ƙirji na ce ai ni ranar har rawa zan taka.

Da Allah ya karɓi abinsa kuwa, na dake. Aka kai shi, aka dawo, idona ƙamas. Har Sanusi ɗan baffana na yi wa tsiya don na kama shi yana sharɓe a bayan rumbu. (Ku riƙe wannan, zai dawo mini.)

To, a gidanmu in an shafa addu'ar bakwai, jikoki kan yi wasansu a tsakar gida: ɗaya ya sa kayan mamacin ya kwaikwaye shi, don a rage wa mutane zafi. Wa za a ba in ba ni ba? Iya da kanta ta sauko mini da rigarsa daga ƙusa, ban taɓa ganinta shiru irin na kwanakin nan ba. Na zura riga, na kifa malafa, na ɗauki sanda.

Jama'a, na yi wasa! Na yi tafiyarsa ta ɗingishi, na yi tarinsa, na yi faɗa da awaki, na yi gardama da rediyo. Na tsaya a kan Iya na ce, "Ke, gishiri ya ƙare a duniya ne?" Mata suka fara ƙyalƙyatawa, kaina ya ƙara girma. Sai Sanusi ya yi mini abin da nake yi wa tsohon, ya ce, "Tsoho, ka ba mu wuri!" Na ce yawwa, ga inda zan kashe su. Na zura hannu a aljihu da niyyar zaro iska, ina cewa, "Ungo, wanga ƙa..."

Hannuna ya taɓa leda. Na zaro, ƙuli-ƙuli ne a ƙulle, irin ƙullinsa mai wuyar kwancewa. Iya ta dube ni ta ce, "Naka na. Ran da ya je Kasuwar Daji ya sawo, ya ce ƙaton nan na nan tahe." Mutumin da rabonsa da haƙorin tauna ƙuli tun ban shiga sakandare ba.

Na so in mayar da abin tari. Ina! Wata ƙara ce ta ƙwace mini, wadda Sanusi ya rantse irinta sai jakin da aka raba da uwarsa. Malafa ta faɗi, sanda ta faɗi, na zauna daɓas kusa da turmi ina "Wayyo Baba!", majina har gemu. Baffana ya faɗo daga waje da takalmi ƙafa ɗaya yana tambayar wa ya sake mutuwa. A bayansa kuma, ashe, hedimastanmu ne da malamai, sun taho daga Ƙaura yi wa Iya gaisuwa. Ni da nake hana yara kuka a layin asambuli!

Sanusi ya miƙo mini hankici cikin ladabi, ya ce, "Ko in raka ka bayan rumbu?" Nan gida ya ɗauka da dariya. Hedimasta ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ita kanta Iya dariya take har da riƙe ciki, hawaye na zuba, ta farko tun rasuwar. Da ta samu numfashi ta ce, "Rabin alkawali ka cika, angona. Sauran rabin ni zan roƙa maka ya yahe."

Wallahi ina kewar tsohon nan. Yanzu aljihuna ba ya rabuwa da ƙuli-ƙuli, yaron da ya yi kuka a aji sai in ce, "Ungo, toshe bakinka." Uwargida kullum tana mitar mai da tururuwa in ta zo wanki, ni kuwa ko a jikina.

Abin da na koya dai: kafin ka bugi ƙirji a cikin rigar wani, ka fara laluba aljihun. Allah ya ji ƙan Baba Tsoho, ko bayan ransa shi ya ci wasan.