Saƙon Talata da Ya Iso Ranar Juma'a

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi wa kaina kirari a Ƙanƙara ba. Na ce daga nan har Sabuwa, in aka cire ni, babu mai sa kwamfuta ta durƙusa ta gaishe shi. (Matata ta ce ko rediyon gidanmu ban iya gyarawa ba, amma hassada ce.)

Ƙungiyar manomanmu ta sa in rubuta manhajar da za ta tura wa membobi saƙon ranar rabon irin masara. Akwai gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta kafin a saki aiki, kowanne da wa'adin sakan talatin. In ya gama a kan lokaci, kore. In ya wuce, ja. Duk sun yi kore ban da gwajin tura saƙo, kullum ja kamar idon mai mura.

Rabi, abokiyar aikina, ta ce, "Malam, a duba abin da ke riƙe shi mana."

Na ce, "Ke yarinya, gwaji kamar tsoho ne, ba a yi masa gaggawa." Na mai da wa'adin minti biyar. Ja. Na mai da shi awa guda, na tafi cin tuwo, na dawo na tarar da kore. Har rawa na taka.

Ashe manhajar ɗaya bayan ɗaya take turawa, in layi ɗaya ba sabis sai ta tsaya tana jiransa, sauran na bayansa. Gwajin bai yi ƙarya ba, ni na toshe masa baki.

Na saki manhajar ta tura saƙo, aka yi rabo ranar Talata. Mutanen gari suka kwashe, na ƙauye ba su ji ba.

Ranar Juma'a sai ga Baba Ilu daga 'Yargoje, aminin marigayi mahaifina, da buhu a naɗe a hammata. Ya ji labari a masallaci, ga ruwa ya sauka, gonarsa a share. Ko ƙwaya ba ta rage ba. Yana tsaye gabana wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo mini.

"Ɗan nan, ban iya boko ba. Mi ta ce?"

Na karanta masa rubutuna da bakina: "Ku zo ranar Talata da safe."

Ya karɓi wayar, ya gyara buhunsa, bai ko ɗaga murya ba.

"Ubanka da keke ya yi wa maigari aike shekara da shekaru. Ko ran da taya ta fashe, da ƙafa ya iso kan lokaci."