Yadda Za Ka Nemo Maɓoyar Sojoji Don Surukinka Ya Taka Ƙafa

Idan kana da suruki tsohon soja da ya zo daga gida ya kafe a kujerar falonka, likita ya ce ya riƙa tafiya, shi kuma ya ce likitan yaro ne, to zauna ka karanta a hankali. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan tsohon zai miƙe da ƙafarsa, kuma ba sai ka buɗe baki ka ce masa "Baba, tashi" ba. An gwada hanyar. Abokina Elnathan, wanda muke ɗaga kaya tare a sito, shi ya gwada ta a kan surukinsa Baba Dachung, kuma ga su nan duk da ransu.

Mataki na 1: Ka yarda ba ka da baki

Baba Dachung ya zo daga Jos ganin jika. Tun da ya shiga gidansu Elnathan a titin Gate City Boulevard, a garin Greensboro na Amurka, ya zaɓi kujerar da ke kallon talabijin, shi ke nan. Ƙafafu suka kumbura har takalmin coci ya daina shiga. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: ga ciwon suga, ga zama, in bai taka ba ƙafar za ta ƙi shi gaba ɗaya. 'Yarsa Serah, matar Elnathan, ta yi magana har da hawaye. Ya ce, "Ni za a koya wa tafiya? Ni da na yi fareti tun kafin in ga uwarki?"

To in 'yar cikinsa ta sha wannan, kai da ka zo da kwalin auren jiya me za ka ce? Suruki ba ya ba suruki umarni. Amma ka riƙe wannan ilimi, kyauta na ba ka: tsohon soja yana iya ƙin magani, yana iya ƙin abinci, amma ba ya iya jin an yi kuskure a kan yaƙi ya yi shiru.

Mataki na 2: Nemo ginin

Abin da kake nema shi ne maɓoyar sojoji ta zamanin yaƙi, wadda suke ce wa bonka, wato ɗan gajeren ɗakin kankare mai siririyar taga, inda soja ke laɓewa ya leƙo da bakin bindiga. Kada ka damu in ka zaga ƙauyukan bayan Greensboro ba ka ga ko ɗaya ba. Elnathan ma bai gani ba. Duk wani tsohon gini da ya durƙusa cikin ciyawa ya isa: ɗakin injin rijiya, rumbun busar da taba, ramin ajiye dankali. Sharaɗi ɗaya ne, ya kasance inda mota ba ta kaiwa.

Ka nemi izinin mai gona tukuna. Nan ba gida ba ne da za ka ratsa gonar mutum ka ce sannu da aiki. Elnathan ya tsaya bakin shinge, kare na ta yi masa tambayoyi, har mai gonar ta fito, wata tsohuwar Baturiya mai suna Christy. Ya yi mata bayanin ƙafar Baba. Ta yi dariya har ta riƙe shinge, ta ce su zo, amma ita fa ba za ta yi ƙarya ba. Ya ce ba ma a so ta yi.

Mataki na 3: Yi kuskuren da ƙarfi, amma ba da shi kake ba

Ka ɗauki hoton ginin a waya, amma kada ka kai masa. Ka nuna wa matarka, lokacin cin abinci, da muryar da za ta kai kujera, kamar yadda Elnathan ya yi.

"Serah, kin ga abin da na gano? Bonka ce ta yaƙin duniya. Nan sojoji suka tare abokan gaba."

Talabijin ta yi shiru. Baba ya ce, "Miƙo wayar nan."

Ya sa tabarau, ya nisanta wayar, ya matso da ita. "Wannan? Wa ya faɗa maka?"

"Ai da gani ba tambaya, Baba."

"Ina tagar harbi?"

"Tana ta baya."

"Ta baya! Su harbi wa, mai dafa musu abinci?"

Nan ka sunkuyar da kai cikin ladabi ka ce, "Hoto ne bai fito da ita ba, Baba. Da ido ya fi." Daga nan kada ka ƙara ko kalma. Cinye tuwonka.

Mataki na 4: Ajiye mota nesa, kuma kada ka miƙa hannu

Ran Asabar Baba ya riga kowa shiri, da silifas don takalmi ya ƙi. Elnathan ya tsayar da mota bakin titi ya ce hanya ta ƙare. In tsohon ya tsaya yana haki, kada ka ce "Sannu Baba," zai ji kamar ka zage shi. Kai ma ka tsaya, ka ɗaure igiyar takalminka da ba ta kwance ba.

Da suka isa, Baba ya zaga ginin, ya ƙwanƙwasa bango da sanda, ya leƙa ciki ya ga ruwa na gudu a ƙasa. Christy ta ce kakanta ne ya gina a kan idon ruwa, don madara ta yi sanyi.

"Madara!" in ji Baba. "Ka ji ko? Sojojinka nono suke gadi."

Ka bar shi ya more. Idan dariyar ta lafa, sai ka jefa tambayar da ita ce dukan aikin: "To Baba, in kai ne, ina za ka gina?"

Ya nuna saman tudu da sanda. Elnathan ya ƙanƙance ido ya ce shi daga nan bai gane ba. Baba ya ja tsaki ya kama hawa. A can sama ya raba gonar Christy gida-gida, ya ajiye manyan bindigogi kusa da kejin kaji, ya hana abokan gaba gada. Ya manta ma yana da ƙafa.

Mataki na 5: Ranar da zai ce ya gaji da kai

Za ta zo. Bayan ɗakin madara Elnathan ya kai shi rumbun taba, ya kai shi wani kwalbati a ƙarƙashin tsohuwar hanya. Kumburi ya fara sauka. Sai wata Asabar Baba ya koma kujera ya ce, "Ba inda za ni. Ƙasar nan ba bonka, shirme kawai."

Serah ta dubi mijinta, idonta ya kawo ruwa. Elnathan mutum ne mai sanyi, bai iya gardama ba. Ya ɗauki makullin mota a hankali ya ce, "Ba komai Baba, ka huta. Wannan ta yau na tabbata da ita. Zan ɗauko bidiyo in tura wa zumuntar maza ta coci, in ce ni da surukina tsohon soja muke binciken."

"Ka ce wa?"

"Kai, Baba. Ai tare muka fara."

"Ka sa sunana a kan ramin dankali? Gaban mutanen da ke ce mini Saje?" Ya dafa hannun kujera ya miƙe. "Serah, ina hulata? Yaron nan zai kashe ni da raina."

Mataki na 6: Ka haƙura da sunan da za ka samu

Yanzu Baba ne ke buga musu ƙofa ran Asabar. Ya sa an bincika masa a waya, an ce can bakin teku akwai na gaske da suka rage, ya ce sai ya kai Elnathan ya ga yadda bonka take, ko Allah zai sa ya waye. Shi ke gaba, Elnathan na baya da gorar ruwa yana ciro kaska daga wando.

Rannan bayan sujada Elnathan ya ji shi yana gaya wa dattawa a bakin coci, "Mijin Serah yaron kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa. Amma kan nan fayau yake. Dole nake fita da shi duk sati, don kada ya ba mu kunya."

Dattawa suka juyo suka dubi Elnathan da tausayi. Ya rusuna ya gaishe su.

Gargaɗi

Ni dai ƙafa na yi alkawari, ban yi alkawarin mutunci ba. Cizon kare, ƙaiƙayin ganyen daji, da duk wani dattijo da zai riƙa yi maka magana a hankali kamar ƙaramin yaro har ƙarshen rayuwarka, babu hannuna a ciki. In kuma surukinka ya gano dabarar, ba ka san ni ba, ban san Elnathan ba, wannan rubutu ma tsintarsa ka yi a tashar bas.