Takalmin Da Ya Kashe Giyar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da Kawu Alhaji Sani ya miƙo min makullin jar motar nan ba. Kawu dillalin motoci ne, daga tashar jirgin ruwa yake fitar da su ya aika Yamai da Wagadugu. Ni kuwa shekara biyu ina naci ya sa ni cikin direbobinsa. Ranar ɗaurin auren 'yarsa a unguwar Cacavéli ya ce, "Je ka Zongo ka ɗauko Liman. Ƙarfe biyu za a ɗaura. Ka kawo shi lafiya a kan lokaci, tafiyar Yamai ta Alhamis taka ce."

Wayyo daɗi! Mota ce mai ƙofa biyu, giya shida, cikinta kamar zai shafi ƙasa, in ka taɓa totur sai ta yi gurnani har cikin ƙirjinka. Sau uku na zaga unguwa kafin in tsaya ƙofar Liman (na ce wa kaina gwada burki nake, amma Allah ya sani so nake a gan ni).

Na ci ado, shadda fara ƙal da sabon takalmi sau-ciki da na saya a kasuwar Adawlato. Takalmin ya matse ni kamar mun yi faɗa, don haka tun a zagaye na biyu na tuɓe shi na ajiye a ƙasan kujera, na ci gaba da tuƙi ba takalmi.

Liman ya fito, dattijo mai farin gemu. Da ƙyar muka naɗe shi da babbar rigarsa cikin motar, rawaninsa na gogar rufi. Ya ce, "Ɗana, wannan mota ce ko akwati?" Na ce, "Allah gafarta Malam, jirgi ce, yanzu za ka gani."

Ya kuwa gani. Muka hau titi, ɗaya, biyu, uku, ina ta wasa da giya, iska na kaɗa gemun Liman. Sai wani ɗan zemijan, mai acaɓa ke nan, ya gitta gabana, na taka burki da ƙarfi. Da na zo komawa giya ta ɗaya sai na ji ƙarrr! Na sake gwadawa, ƙarrr! Ta biyu ma ta ƙi, ribas kuwa ƙararsa har haƙorana. Na gangara gefen titi. Ƙarfe biyu saura ashirin.

A nan ne ya kamata in nutsu. Ina! Ai na taɓa yin wata uku a garejin wani abokina a unguwar Hanoukopé (yawanci shayi nake sha, amma dai a gareji nake shan sa). Na laluba ƙasan kujera, na samu takalmi ƙafa ɗaya, na zura, na yi waje ina ɗingishi a kan kwalta mai zafi. Na buɗe bonet, na duba man kuloci, yana nan cike. Na leƙa ƙasa ko yana yoyo, ko ɗigo babu. Na kashe injin, giya ta shiga sumul. Na tayar, ta ƙi.

'Yan zemijan suka taru. Wani ya ce, "Ambreyaj ɗin ne ya ƙone," kuloci yake nufi. Wani ya ce waya ce ta tsinke. Na ɗaga musu hannu na ce, "Ku dakata, wannan ba aikin yara ba ne. Bwat ɗin ce, wato akwatin giya, ta tafi, haƙoran giya sun cinye." Har da zana musu haƙoran a iska. Kai, ban tsaya nan ba, na kira Kawu na ce, "Kawu, an cuce ka a motar nan, giyarta ta mutu murus." Na ji salatinsa ya ratsa hayaniyar biki.

Duk wannan Liman na zaune yana jan carbi. Can ya leƙo ya ce, "Ɗana, kafin in zauna da allo, shekara goma na yi ina jan babbar mota. Giyar da ke shiga in an kashe inji ba ta mutu ba, kuloci ne bai kai ƙasa ba. Shigo ka danna in gani."

Na shiga na danna, ya tsaya a rabi. Liman ya kalli ƙafata ta hagu, tsirara, duk ƙura. Ya ce, "Ina ɗan'uwan wancan?"

Jama'a, na sunkuya. Ga shi can a ƙarƙashin kuloci, ya kwanta abinsa, burkin da na taka ne ya turo shi. Na zaro shi a gaban mutum wajen ashirin, ya lotse kamar gurasa. Wani ɗan zemijan ya ce, "Injiniya, ga bwat ɗin ta fito!" Wallahi na so kwaltar ta tsage in shige.

Muka isa biyu da kwata. Liman, Allah ya saka masa, bai tona ni ba, cewa kawai ya yi hanya ce. Amma ni na riga na tona kaina ta waya, kuma Kawu ya riga ya aiko makanike da igiyar ja. Dole na yi bayani, ango na dariya har hularsa ta faɗi.

Ranar Laraba Kawu ya kira ni. Na tafi da ɗokina, ya miƙo min leda. Takalmi ne mai igiya. Na ce, "Kawu, makullin fa?" Ya ce, "Fara riƙe waɗannan su zauna a inda ka sa su. In sun yi wata uku ba su gudu ba, sai mu yi maganar Yamai."

Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, don Alhamis ina tsaye wani ya ja motar ya wuce. Amma tun ranar, in abu ya lalace, kafin in buɗe bonet ko in buɗe baki, ƙafafuna nake fara ƙirgawa.