Giɓin Wuƙar Kaka

"Lafiya lau muka kwana. Sai da na ga kanka yana walƙiya sannan lafiyar ta ragu. Ina take?"

Haka Barkono ta amsa gaisuwar taubashinta tun ƙafarta ɗaya tana waje, ɗaya tana cikin shagon aski. Tela ce, ga tef ɗin awo nan rataye a wuyanta, don ko tsayawa cire shi ba ta yi ba. Kakansu ne ya laƙaba mata sunan tun tana rarrafe, kuma har yau ba a sami wanda ya ce ya zalunce ta ba. Shi kuwa taubashin nata, ɗan ƙanwar mahaifinta, Sanƙo ake ce masa, mai askin da Allah ya hana shi abin da yake askewa a kan mutane.

Shekara goma sha ɗaya ke nan su biyun suna tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu masu naɗewa. Akwai mai ƙotar ƙaho, akwai ta icce, akwai ta tagulla, guda arba'in da bakwai jere a kabad mai gilashi a falon Barkono, kowa da mukullinsa. Dangi sun ɗauka rashin aikin yi ne. Gaskiyar magana wuƙa ɗaya tak suke nema, ta kakansu mai lambu, wadda yake auren mangwaro da ita, wato haɗa reshen wani icce a jikin wani, ta bi tarkacen da aka kwashe bayan rasuwarsa. Alamarta ɗaya ce, giɓi kusa da tsini. Barkono ta san giɓin nan fiye da kowa, domin a kansa aka yi mata laifin da ba ta yi ba tana 'yar shekara tara, kuma tsohon bai sake barin ta taɓa wuƙar ba har ya koma ga Allah. Da safen nan Sanƙo ya kira ta ya ce ya samo ta, ita kuwa ta bar ɗinkin mutane a ƙarƙashin allura ta taho.

"Ki shigo da sallama mana," in ji Sanƙo, yana riƙe da aska. "Ko sai na ɗauko miki kujerar yara ki taka, mu ga juna?"

"Uwargida ba ta sallama a ɗakin bawanta."

"Wa ye bawan?"

"Kai mana. Da kai da kujerar nan da madubin nan duk kayan gidanmu ne. Ina take?"

A kan kujera akwai wani dattijo, an lulluɓe shi da zane har wuya, rabin kansa fes, rabin kuma kumfa. Barkono ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa ta cikin madubi, don ba halin juyawa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ka kawo kanka wurin wanda bai iya riƙon nasa gashin ba."

"Baba, kar ka kula ta," in ji Sanƙo. "Wannan rigar da ke jikina ita ta ɗinka. Ka dubi hannun dama, ka dubi na hagu. Ɗaya na ɗan dambe, ɗaya na jariri."

"Jikinka ne a karkace. Ni abin da na auna na ɗinka."

Sanƙo ya ajiye aska, ya goge hannu, ya jawo aljihun tebur a hankali don ya ja mata rai. Ya fito da wani ƙunshin farin ƙyalle, ya kwance shi kusurwa ɗaya bayan ɗaya. Barkono ta matso kusa. Ƙotar ƙaho ce baƙa, da ƙusoshin tagulla guda uku, daidai yadda take tunawa. Ta miƙa hannu, sai kuma ta janye, ta ce ya buɗe mata.

Ya buɗe. Bakin wuƙar ya ɗauki hasken taga ya watsa mata a ido. Sumul yake daga gindi har tsini, ba tsatsa, ba tabo, ba giɓi.

Barkono ta ɗago kai ta dube shi.

"Ina giɓin?"

"Da akwai."

"Ban tambaye ka da ba. Ina yake yanzu?"

"Na ɗan... taɓa ta kaɗan."

"Ka ɗan taɓa ta."

"A dutse. Sau biyu ko uku."

"Sau biyu ko uku ne ya cinye giɓi?"

"To, daga nan na bi ta da fatar wasa aska."

"Innalillahi." Ta dafe kai da hannu biyu. "Baba, kai ne shaida. Doka ɗaya ce tak tsakaninmu, shi da bakinsa ya kafa ta. Tsohuwar wuƙa ba a wasa ta. A shafa mata mai, a goge da tsumma, shi ke nan. Yadda mai ita ya bar ta haka za ta shiga kabad. Ko ba haka ba ne, kai mai kan tulu?"

"Haka ne."

"To me ya kai ta dutse?"

"Hannuna ne. Shekara ashirin ina wasa aska. In na ga baki da giɓi, wallahi ƙaiƙayi yake min har cikin haƙori."

"Da ka sa hannun a aljihu!"

"Na sa. Wuƙar tana cikin aljihun."

Dattijon ya yi wani ƙaramin tari mai kama da dariya, kumfa ta gangaro masa bayan kunne. Barkono ba ta ga abin dariya ba. Haushi ya cika ta har wuya, irin haushin da ba ka san ko zagi za ka yi ko kuka ba. Shekara goma sha ɗaya tana duƙawa a gaban 'yan gwanjo, tana tona kwandunan ƙarafa har farcenta ya yi baƙi, ga shi yau wani ya kawo mata abin da ba mai iya cewa ita ce ko ba ita ba ce.

"A ina ka same ta?"

"Wajen mai tsofaffin ƙarafan nan na bayan tasha. Cikin gwangwanin ƙusoshi."

"Nan ka samo wadda ka rantse min ta wani jarumi ce da ya yaƙi zaki, ashe ta yankan farce ce."

"Zakin ƙarami ne."

"Nan kuma ka samo wadda ka ce ta shekara ɗari biyu, muka goge ta muka ga sunan kamfanin taya."

"Tsohon kamfani ne."

"Sanƙo, baƙar ƙotar ƙaho mai ƙusa uku guda nawa ce a kabad ɗinmu?"

"Shida."

"Bakwai. Ko ƙirga ba ka iya ba. Maƙeri ɗaya ya yi ɗaruruwa irinta. Me ya raba ta Kaka da sauran?"

Ya sosa ƙeyarsa. "Giɓin."

"Wanda ka cinye da dutse."

"Amma na gan shi da idona kafin..."

"Idonka! Idon da ya yi wa mijina aski ya bar masa tsibiri a ƙeya, aka yi ta yi masa dariya a wurin aiki kwana uku?"

"Shi ya motsa. Duk wanda ke zaune da ke ai dole ya riƙa zabura."

"Kowace tsohuwar wuƙa tana da giɓi. Ta mai nama tana da shi, ta mai gyaran takalmi tana da shi. Ka ga giɓi, ka yi murna, ka goge shi, ka kira ni na bar ɗinkin mutane. Ba ni mukullin kabad."

Sanƙo ya daina murmushi. "Wane mukulli?"

"Naka. Yau za a raba. Ka kwashi rabinka ka je ka wasa su duka har su koma allurai. Ni na gaji. Na daina nema."

Ta faɗa ne da gaske, shi ma ya ji hakan a muryarta, domin babu zagi ko ɗaya a ciki. Tun suna yara, in dai Barkono tana zagin ka to da sauran zumunci. Ta buɗe tafin hannu tana jiran mukulli.

"Ɗana," in ji dattijon a hankali, "kumfar nan ta fara bushewa."

"Yanzu, Baba." Sanƙo bai ko dube shi ba. Wuƙar yake kallo. "Barkono, giɓi nawa ne a wuƙar Kaka?"

"Ɗaya."

"Biyu ne."

"Ni za ka faɗa wa? Ni da aka sa wa ita a gaban hanci ana cewa dubi abin da kika yi?"

"Kuka kike yi a lokacin, ba ki gani da kyau ba. Akwai babba kusa da tsini. Bayansa da faɗin ƙwayar shinkafa akwai wani ɗan ƙarami, sai ka bi da farce za ka ji shi. Jiya a cikin gwangwanin nan na bi da farcena, na ji shi."

"Kai ta ina ka san da shi? Ba ka ma gidan ranar. Cewa aka yi ka tafi ƙwallo."

"Ina gidan."

Sanƙo ya zauna a bakin bencin masu jira.

"Motar wasa ta waya nake ƙerawa a bayan ɗakin Kaka. Ya rataye rigarsa ya shiga wanka, na zaro wuƙar daga aljihu. Na ɗora waya a kan dutse na danna, ta zame, shi ne ƙaramin. Na sake dannawa da ƙarfi, shi ne babban. Sai na ji tarinsa yana fitowa. Ke kuma kin zo wucewa da 'yar tsanarki. Na ce miki, riƙe min. Kika riƙe. Na haura katanga."

Barkono ta sauke hannun da take jiran mukulli da shi. Ta tuna wani ya miƙo mata abu, amma shekarun sun shafe mata fuskar, ta bar shi a kan cewa tsintar ta ta yi a ƙasa. Abin da bai shafe ba shi ne idon Kaka. Bai dake ta ba, da ma ya dake ta ɗin. Cewa kawai ya yi, "Amaryata, ashe ba a ba ki amana." Daga ranar, in yana auren mangwaro Sanƙo yake kira ya riƙe masa wuƙa, ita kuwa tana tsaye daga nesa tana riƙe da zare.

"Shekara talatin da uku," ta ce.

"Da huɗu."

"Yau kuma ka iya ƙirga!"

"Na so in faɗa. Na ce bari ya huce. Da ya huce na ce bari in girma. Da na girma sai ya rasu." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Jiya na kawo ta nan na ajiye a kan tebur. Duk inda na juya giɓin nan yana kallona. Ba ƙaiƙayin hannu kaɗai ba ne. Kasa kallon sa na yi."

"La'ananne."

"Na yarda."

"Ɓarawon wuƙa. Matsoraci. Mai haura katanga."

"Duk ni ne."

"Allah ne ya kama ka ya kwashe gashin kanka ɗaya bayan ɗaya."

"Ni ma na daɗe ina zargin haka."

"Baba, ka ji ko? Ka ji wanda ka miƙa wa wuyanka?"

"Na ji, 'yata," in ji dattijon. "Ni dai a ƙarasa min ɗaya gefen, in ya so ku je kotu."

Dariya ta ƙwace wa Barkono ba da son ranta ba, ta fito tare da hawaye, ta goge su da bakin mayafi tana jan tsaki. Haushin bai tafi ba, ta san zai kai ta wata shekarar. Amma a ƙarƙashinsa wani abu ya sauka daga ƙirjinta wanda ta daɗe da mantawa tana ɗauke da shi. Wuƙar ta Kaka ce. Ba wanda zai ƙirƙiro wa kansa irin wannan abin kunya don ya ci gardama, balle Sanƙo da ko laifin zubar da ruwa ba ya amsawa.

"To faɗi," ta ce. "Wa ye bawa?"

"Haba, Barkono, a gaban mutane?"

"A gaban Baba. Da ƙarfi."

"Ni ne."

"Na wa?"

"Naki, ranki ya daɗe. Ni da kujerar da madubin."

"Wannan ba za ta shiga kabad ba. Ba ka da rabo a cikinta, ko kallo sai da izinina."

"Ban yi musu ba."

Ya tashi, ya naɗe wuƙar, ya ɗora ta a tafin hannunsa biyu ya miƙo mata. Barkono ta tsaya tana kallon ta. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa.

"Wallahi ka kuskura ka ce min riƙe min, sai na aske maka gira da ita."

"A'a," in ji Sanƙo, muryarsa ta yi ƙasa. "Cewa zan yi karɓi amanarki. Tun can ke ya kamata Kaka ya ba."

Ta karɓa.